Me Ya Sa Bindiga Take Shurin Mai Harba Ta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Kangiwa, ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, ranar Hawan Sallah ko Hawan Magajiya ko lokacin Gani, ya san ƙarar bindigogin 'yan bindigar sarki. Sai ka ji dam! ƙasa ta amsa, hayaƙi fari ya turnuƙe, yara su watse da gudu suna dariya, dawaki su ɗaga kunne. Yawancinmu ƙarar ce take ɗauke mana hankali. Amma in Allah ya kai mu hawa na gaba, ka bar kallon hayaƙin, ka kalli hannun mai harbin. Za ka ga ya kafa ƙafafu, ya damƙe bindigar da hannu biyu, ya kawar da fuska, kuma da ta tashi sai ta fizge shi baya kamar jaki ya shure shi.

Wannan fizgar ita nake kira shurin bindiga, kuma ita ce maganarmu ta yau. Abin da ya sa na ɗauko ta, wata gardama ce da aka yi a ɗakinmu a hostal bayan an gama kallon wani fim na Amurka. Wani ya ce shi in zai riƙe fistol, mai babban harsashi zai zaɓa, don ita ce ta maza. Wani ya ce a'a, 'yar ƙarama wadda za ta shiga aljihu ta fi, don ba ta da wahalar riƙo. Aka yi ta musu har aka ɗauke wuta, alhali duk cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe fistol, kuma kamar yadda za mu gani a ƙarshe, doka ba ta ba kowannenmu damar riƙe ta ba. Amma da na koma na ɗauki biro da kalkuleta, sai na ga duk su biyun sun yi kuskure, kuma abin da zai raba gardamar yana cikin darasin fiziks da muka yi tun zangon farko.

Dokar da ba ta da ɗaukaka ƙara

A shekarar 1687 Isaac Newton ya buga littafinsa da ya ƙunshi dokokin motsi guda uku. Ta ukun ita ce tamu: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, ta ɗaya ɓangaren. Ka hau kurar 'yan ga-ruwa wadda ba jarka a ciki, ka yi tsalle gaba. Kai za ka yi gaba, kura za ta gangara baya. In kurar cike take da jarkoki, da ƙyar za ta motsa. Tsallen ɗaya ne, nauyin kurar ne ya bambanta.

Haka abin yake a cikin bindiga. Idan aka ja kunama, albarushi ya kama, sai ya rikiɗe ya zama iska mai zafi da matsi mai yawa a cikin ɗan wuri. Iskar nan ba ta san gaba ko baya ba, kowane gefe take turawa. Ta gaba tana tura harsashi ya fita ta bututu. Ta baya tana tura bindigar kanta, bindigar kuma ta tura hannu ko kafaɗar mai riƙe da ita.

Lakcarorinmu suna kiran ma'aunin wannan abu momentom, wato nauyin abu sau gudunsa. Kafin harbi komai a tsaye yake, jimilla sifili. Bayan harbi ma dole jimillar ta zauna sifili. Saboda haka:

nauyin harsashi × gudunsa = nauyin bindiga × gudunta na komawa baya

Akwai ɗan ƙari daga iskar albarushin da take fita, za mu dawo kansa. Amma wannan layi ɗaya ya isa ya bayyana kusan komai.

Lambobin da ake kiran harsashi da su

Kafin lissafi, bari mu warware lambobin da muke ji a fim da labarai. Yawanci faɗin harsashi suke nufi. Na Turai da milimita suke aunawa, Amurkawa da inci. Harsashin 9mm, wanda Georg Luger ya tsara a farkon shekarun 1900 don wani kamfanin makamai na Jamus, faɗinsa milimita 9 ne. Na .45, wanda John Browning ya tsara kuma sojojin Amurka suka karɓa a 1911, faɗinsa kusan rabin inci ne, wato kimanin milimita 11 da rabi. Na .22 ɗan mitsitsi ne, bai kai milimita 6 ba.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Harsashin .380 da na 9mm da na .357 Magnum duk faɗinsu kusan ɗaya ne, milimita 9. Amma tsawon kwanson da yawan albarushin da ke ciki sun bambanta, don haka gudunsu da shurinsu sun yi nisa da juna. Ke nan lambar da ke jikin kwali faɗi kawai ta gaya maka. Ba ta gaya maka nauyi ba, ba ta gaya maka gudu ba, balle nauyin bindigar da za ta harba shi.

To, mu buga lissafin

Alƙaluman da ke ƙasa kimantawa ce ta harsasan da aka saba gani, don kowane kamfani yana da ɗan bambanci. Na bar iskar albarushi a gefe don lissafin ya yi sauƙi. Duk mai kalkuleta zai iya bi na.

Harsashin 9mm nauyinsa kimanin giram 8 ne, gudunsa kimanin mita 350 a daƙiƙa ɗaya. Ka mayar da giram zuwa kilo ka ninka: 0.008 × 350 = 2.8. Cikakkiyar fistol irin Glock 17, in an cika ta da harsasai, ta kusa kilo 0.9. Ka raba 2.8 da 0.9, za ka samu kimanin mita 3 a daƙiƙa. Da wannan gudun bindigar take komawa cikin tafin hannu.

Sai makamashin da ke cikin wannan komawa, wato rabin nauyi sau gudu sau gudu, wanda ake aunawa da jul. A nan ya kama kimanin jul 4.4. Don ka gane girmansa, ka ɗauki robar ruwa ta lita ɗaya, ka sake ta daga tsayin santimita 45 ta faɗo a tafin hannunka. Kusan hakan ne, sai dai na bindiga ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Ga yadda sauran suke fitowa:

.22: harsashi giram 2.6, gudu mita 300, a bindiga mai kilo 1. Shuri kimanin jul 0.3.

.380: harsashi giram 6, gudu mita 290, a 'yar fistol ta aljihu mai kilo 0.35. Shuri kimanin jul 4.3, gudun komawa mita 5 a daƙiƙa.

9mm: harsashi giram 8, gudu mita 350, a bindiga mai kilo 0.9. Shuri kimanin jul 4.4, gudun komawa mita 3.

.45: harsashi giram 15, gudu mita 255, a bindiga mai kilo 1.2. Shuri kimanin jul 6, gudun komawa mita 3 da ɗan ɗori.

.44 Magnum: harsashi giram 15.5, gudu mita 400, a libarba mai kilo 1.4. Shuri ya kusa jul 14.

Ka duba layi na biyu da na uku da kyau, don a nan abokinmu mai son 'yar aljihu ya faɗi. Harsashin .380 bai kai na 9mm ƙarfi ba, amma da yake bindigar ba ta da nauyi, shurin ya zo daidai, kuma ya fi saurin isowa hannu. Ga shi mariƙinta ƙarami ne, yatsu biyu ko uku kawai suke samun wuri, duk dukan ya taru a ɗan guri. Shi ya sa masu koyar da harbi suke cewa ƙananan fistol sun fi wahalar sarrafawa ga sabon hannu. Kurar da ba jarka a ciki ke nan.

Sai layi na huɗu. Harsashin .45 ya kusa ninka na 9mm nauyi, amma shurinsa bai ninka ba, saboda gudunsa kaɗan ne kuma bindigar ta fi nauyi. Waɗanda suka harba duka biyun sukan ce na .45 kamar turawa yake, na ƙananan masu gudu kuma kamar mari. Bambanci ne tsakanin a ɗora maka buhu a kafaɗa da a jefe ka da dutse.

Abin da lissafi bai kama ba

Lamba daban, abin da hannu yake ji daban. Abubuwa uku ne suke shiga tsakani.

Na farko, bututun fistol yana sama da inda hannu yake riƙe. Ƙarfin yana bin layin bututu ya koma baya, hannu kuma yana tare shi daga ƙasa, sai a samu juyi, irin wanda sifana take yi a kan noti. Shi ya sa bakin bindiga yake tashi sama bayan kowane harbi. Duk yadda bututu ya yi nisa da hannu, haka tashin yake ƙaruwa, kuma haka ake ɓata lokaci kafin a dawo da saiti.

Na biyu, lokaci. Fistol mai ɗura kanta tana da wani sashe a sama da yake zamewa baya a kan sifirin. Injiniyoyi sun mayar da shurin ya zama ma'aikaci: shi yake fitar da kwanson da aka harba, sifirin ya dawo da sashen gaba ya ɗauko sabon harsashi. A hanya kuma sifirin ya shimfiɗa dukan a kan lokaci mai ɗan tsawo, kamar yadda shokazoba take yi wa babur a kan gargada. Libarba ba ta da wannan sashe, don haka dukanta kai tsaye yake zuwa.

Na uku, inda aka jingina. Harsashin AK-47 ma kimanin giram 8 ne, amma gudunsa ya haura mita 700, wato ya ninka na 9mm. Duk da haka bindigar tana da kusan kilo 4, kuma gindinta a kafaɗa yake, jiki gaba ɗaya yana taya ɗauka. Fistol kuwa wuyan hannu kaɗai ta sani.

Akwai kuma tsoro. Wanda bindiga ta taɓa shura da zafi, jikinsa yakan koyi ƙanƙancewa tun kafin ta tashi: ido ya rufe, hannu ya danna ƙasa, harsashi ya tafi inda ba a aike shi ba. Ba ragwantaka ba ce, haka jikin ɗan'adam yake.

Darasin da hukumar FBI ta koya

Ga abokinmu mai son babban harsashi kuma, akwai labari. A 1986 jami'an FBI sun yi musayar wuta da wasu 'yan fashi biyu a Miami, aka kashe jami'ai biyu. Hukumar ta ɗora wani ɓangare na laifin a kan rashin ƙarfin harsashinta, ta koma wani mai ƙarfi da ake kira 10mm. Ba a jima ba aka gane cewa shurinsa ya fi ƙarfin jami'ai da yawa. Aka rage masa albarushi, daga nan aka samu sabon harsashi mai suna .40 S&W a 1990. Bayan shekara ashirin da wani abu, a tsakiyar shekarun 2010, sai hukumar ta dawo kan 9mm. Cikin dalilanta har da cewa jami'anta sun fi samun saiti da sauri da shi. Sojojin Amurka ma tun 1985 suka sauya fistol ɗinsu daga .45 zuwa 9mm.

Wato mutanen da harbi sana'arsu ce, masu horo da filin atisaye da kuɗin harsashi, sun yi zagaye na kusan shekara talatin suka gane cewa ƙarfin da hannu ba zai iya sarrafawa ba asara ne.

Wata ƙaryar fim da lissafin nan yake kashewa ita ce ta mutumin da harsashi yake ɗagawa sama ya maka shi da bango. Momentom ɗin 9mm mun ce 2.8 ne. Ka raba shi da nauyin mutum mai kilo 70, za ka samu santimita 4 a daƙiƙa. Ko akuya ba zai ture ba. Da harsashi zai iya jefar da wanda aka harba, da bindigar ma ta jefar da mai harbin. Ɓarnar harsashi daga makamashinsa take, wanda a 9mm ya kusa jul 500, duk a tattare a kan ɗan wuri kamar kan yatsa. Bindiga jul 4 ta samu, harsashi ya tafi da 500, saboda ta fi shi nauyi sau ɗari da wani abu.

Mu dawo Kangiwa

To, bindigar hawa fa, da ba a sa mata harsashi, me ya sa take shuri haka? A nan ne iskar albarushin da muka ajiye a gefe take shigowa. Abin da ya ƙone bai ɓace ba. Duk nauyin albarushin da aka ɗura yana fita ta baki da gudu, tare da tsumma ko takardar da aka danna shi da ita. Baƙin albarushi na gargajiya kuma ba ya ƙonewa ƙurmus, fiye da rabinsa yakan fita ne a matsayin toka da ƙura, wanda shi ne wancan farin hayaƙin. Wannan duk nauyi ne, kuma nauyi sau gudu momentom ne. Roka ma da wannan ƙa'idar take tashi, babu harsashin da take harbawa.

Ilimin riƙe irin wannan bindiga tsoho ne a ƙasarmu. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno yake da rundunar masu bindiga. A ƙarni na 19 maƙwabciyarmu Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, ta yi suna wajen tara bindigogi har da ƙera igwa a Zinder. Mutanen nan ba su karanta Newton ba, amma jikinsu ya san dokarsa. Kafa ƙafar da kake gani a wurin 'yan bindigar sarki da mafarauta gadon wannan sani ne. Abin takaici ne a ce yau kalmar 'yan bindiga, wadda a da take nufin dakarun fada, ta koma sunan ɓarayin daji.

Sai dai akwai haɗarin da ya fi shuri. Bindigar ƙirar gida, ko ta toka ce ko harba-ka-ruga, bututunta bai bi ta gwajin matsi ba kamar na masana'anta. Duk ɗalibin da ya yi darasin ƙarfin ƙarafa ya san ƙarfe yana gajiya, tsatsa tana cin sa ta ciki, walda kuma tana da iyaka. In aka cika albarushi don ƙara ta fi ta kowa, ko bakin ya toshe da ƙasa, matsin zai nemi hanya mafi sauƙi, wataƙila ta gefe, wataƙila ta baya inda fuska take. Mafi muni shi ne a zuba mata albarushin zamani marar hayaƙi, irin wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, don matsinsa ya fi abin da irin wannan bututu zai ɗauka. Akwai wani dattijo maharbi a garinmu da yatsu uku kawai suka rage masa a hannun hagu. Tun muna yara yake nuna mana hannun yana cewa, "Yarana, wannan ba kura ba ce ta ci, tawa ce ta ci ni."

Don haka in ka je kallon hawa, ka ba masu harbi fili. Bindigar da ba harsashi ma tana ƙona fata, tana fasa ido daga kusa. Kunne kuma ba ya sabawa da ƙara, mutuwa yake yi a hankali: ƙarar harbi takan haura desibel 140, matakin da sau ɗaya ma zai iya barin illa ta dindindin. Masu harba harsashi sama a wurin biki su ma su tuna, abin da ya hau sai ya sauko, kuma bai san kan wa zai sauka ba.

Shurin da ya fi kowanne

Na san gardamar hostal ba ta fim kaɗai ba ce. Cikinmu akwai 'yan Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da Faskari, waɗanda suka san abin da rashin tsaro yake nufi fiye da yadda jarida take faɗa. In ɗayansu ya ce yana tunanin mallakar makami, ba wanda zai yi masa dariya. Amma ya kamata ya san inda doka ta tsaya.

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma fistol da libarba kowace iri a nan suke, tare da bindigogin soja da masu sarrafa kansu. Kashi na biyu ya ƙunshi irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Kashi na uku su ne na gargajiya masu ɗuri ta baki, su kuma ikon tsara riƙe su yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ba tare da izini ba laifi ne, wanda ya kamata masu shiga wakshof su riƙe da kyau. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga yana iya shafe shekara goma ko fiye a gidan gyaran hali. Kora daga makaranta ma ita ce ƙaramar magana. Ka lissafa: difloma ta shekara biyu ka zo nema.

Wanda yake son bayar da gudummawa a harkar tsaro yana da ƙofofi na halal: soja, 'yan sanda, sibil difens, ko rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2023. A can za a koya maka riƙe makami a hannun waɗanda suka san shurinsa. Wanda kuma injiniyancin abin ne yake burge shi, akwai masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, da ke Kaduna tun 1964, kuma irin lissafin da muka yi a sama shi ne abincin masu aiki a can.

Ga 'yan ajin farko da jarrabawa take tafe, ga aikin gida: ku ɗauki harsashin 9mm ɗin nan, ku sa shi a bindiga mai kilo 0.5, sannan a mai kilo 1.5, ku fitar da gudun komawa da makamashin kowace. In kun ga na farko ya ninka na biyu sau uku, kun gane darasin. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma zaunar da jiharmu lafiya.